Auna iya sarrafa keke ga mai raunin laka: wane gwaji ya dace da sashenku?

Mai raunin laka da zai koma gida a kan keken guragu, akwai tambayar da ya kamata a ce an amsa ta a rubuce kafin ranar sallama: me yake iya yi da kekensa shi kaɗai, me kuma bai iya ba tukuna? Sau da yawa abin da ke cikin fayil bai wuce "yana tura kansa a keke" ba. Wanda ke tura kansa a kan tayil ɗin barandar asibiti, da wanda zai ɗage ƙananan tayoyin gaba ya haye dokin ƙofar zaure, ya ratsa yashin lungu, ya sauka kan tabarma ya koma kan keke ba tare da an ciccibe shi ba, duk wannan jimla ɗaya ce ta rufe su, alhali rayuwar da ke jiransu a gida ta sha bamban.

Ma'aunai kuwa suna nan birjik. Tun a 2003 wata mai bincike a ƙasar Holan, Olga Kilkens, ta tattara gwaje-gwaje 24 da aka wallafa don auna iya sarrafa keken guragu irin wanda ake turawa da hannu, a 2010 kuma Osnat Fliess-Douer ta tace 13 da suka shafi masu raunin laka. Yawansu ne ma ke rikita mutum. Ma'aikacin sashen gashi da majinyata suka cika masa benci ba shi da lokacin gwada su duka. Saboda haka zan ɗauko waɗanda aka fi sani in ajiye su kusa da juna, in dube su ta inda ya dami mai aiki: me gwajin ke aunawa, wane kaya yake buƙata, minti nawa yake ci, in an gama kuma, shin sakamakon zai nuna maka abin da za ka koyar gobe?

Bari in fara da wanda mutane da yawa ke ɗauka ya wadatar. Ma'aunin SCIM, wanda Amiram Catz da abokan aikinsa suka fitar daga asibitin Loewenstein na Isra'ila a 1997, ma'auni ne mai kyau na yadda mai raunin laka ke dogaro da kansa. Bugunsa na uku maki 100 ne: 20 na kula da kai, 40 na numfashi da fitsari da bayan gida, 40 na motsi. A ganina duk ɗakin da ake kwantar da masu ciwon laka ya kamata a riƙa cika shi. Amma dubi yadda yake raba maki a layin zirga-zirga cikin ɗaki. Daga 0 zuwa 8 ne, mai tura kekensa da kansa 2 yake samu, daga 3 zuwa sama na masu takawa ne. Haka yake a layin tafiyar mita 10 zuwa 100, haka a layin fita waje. Ke nan wanda ya fara tura kansa makon jiya da gogaggen ɗan ƙwallon kwando na kan keke makinsu ɗaya a waɗannan layuka. Sai ka yi wata uku kana koya wa mutum hawa gangare da tsallake kwata, ya ƙware, makin nan bai motsa ba. Abin da ke da amfani a SCIM ga zancenmu shi ne layukan sauya wurin zama: gado zuwa keke, keke zuwa banɗaki, keke zuwa mota, ƙasa zuwa keke. Ma'aunin FIM, wanda ke auna dogaro da kai ga majinyata iri-iri, ma ya fi shi tsukewa, don layi ɗaya ya haɗa mai takawa da mai keke, kuma tafiyar mita 50 yake tambaya.

Wanda ya fi kowane faɗi shi ne Wheelchair Skills Test, ana taƙaita shi WST. Dokta Lee Kirby da tawagarsa a Jami'ar Dalhousie da ke Halifax a Kanada ne suka fara wallafa shi a 2002, tun daga lokacin kuma ake ta sabunta shi. Yawan abubuwan da yake gwadawa ya sha canzawa. Ya taɓa kai 50, bugu na 4.1 da aka yi bincike mai yawa da shi 32 ne, na baya-bayan nan ma suna nan wajen 30. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A bugu na 4.1 ana farawa da tura keke gaba mita 10, da ja da baya, da juyawa a wuri ɗaya, da matsawa gefe, da buɗe ƙofa a wuce a rufe, da ɗauko abu daga ƙasa, da miƙa hannu ga abin da ke sama da tsayin mita 1.5, da ɗage nauyi daga mazaunai, da komawa kan benci a dawo, da naɗe keken a buɗe shi. Daga nan sai na waje: tafiyar mita 100, kauce wa abin da ya gifta, gangare mai digiri 5 da mai digiri 10 hawa da sauka, hanya mai karkata gefe, wuri mai laushi, rami mai faɗin santimita 15, dokin ƙofa mai santimita 2, tudu mai santimita 5. A ƙarshe manyan: dakali mai santimita 15, tsayuwa a kan tayoyin baya kaɗai na daƙiƙa 30, juyawa a haka, tashi daga ƙasa zuwa keke, da matakala.

Ga yadda hawa dakalin nan yake a ido. Mai keke ya ɗan ja baya don ya sami gudu, ya taho, dab da bakin dakalin ya fizgi zoben turawa gaba har ƙananan tayoyin suka tashi suka dira a sama, nan take ya sunkuyo da ƙirji ya danna, manyan tayoyin suka biyo. Duka bai wuce ƙiftawa biyu ba. A bayansa mai tsaro na tsaye, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ya riƙe igiya mai ƙarfi da aka ɗaura a ƙarfen ƙasan keken. Igiyar a sake take, ba ya ja sai keken ya nufi kifewa ta baya, ɗaya hannun kuma yana kusa da kafaɗar mai keken saboda faɗuwa ta gaba. In har sai da mai tsaro ya tare shi, to bai ci ba. Wannan igiya da wannan tsayuwa suna cikin ƙa'idar gwajin, kuma ina roƙon duk wanda zai gwada ɗage gaba, wato tsayuwa a kan tayoyin baya kaɗai, ko hawa dakali, da kowane ma'auni ne, kada ya fara sai ya tanade su. Kifewa da faɗowa su ne kan gaba a raunukan da masu keke ke ji, ƙashin ƙafar wanda ya daɗe da shanyewa kuma ba ya jure faɗuwa.

Yadda ake ba da maki ma ya canza da zamani. A bugu na 4.1 ci ne ko faɗuwa. A bugu na 5 kowane abu daga 0 zuwa 3 ne, har da makin wanda ya yi wani ɓangare bai kammala ba, da na wanda ya yi cikin gwaninta, sannan a mayar da jimlar kashi cikin 100. Saboda haka kada a auna mutum da wani bugu ranar shiga a auna shi da wani ranar fita. A zaɓi ɗaya a rubuta lambarsa a saman takarda.

Abin da ya sa nake fifita WST shi ne takardar sakamakonsa ita ce jadawalin darasi. Duk layin da ya sami 0 ko 1, aikin mako mai zuwa ke nan, kuma masu shi sun haɗa shi da littafin koyar da kowace ƙwarewa ɗaya bayan ɗaya. Littafin da takardun cikewa da bidiyon nuni duk kyauta ne a intanet. Akwai kuma abin kwatanta majinyacinka da shi. A wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan mutum 214 masu raunin laka a cibiyoyin Amurka, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ya iya hawa dakali mai santimita 15, kusan huɗu cikin goma suka iya tashi daga ƙasa zuwa keke, kusan shida cikin goma suka iya tsayuwar daƙiƙa 30 a kan tayoyin baya. Binciken ya kuma nuna masu maki da yawa sun fi shiga jama'a da jin daɗin rayuwa. Wannan fa a ƙasar da bakin titunanta ke da gangaren sauka ke nan.

Yana da nauyinsa. Yakan ci kamar minti 30 in mai gwajin ya saba, ya fi haka ga sabon hannu. Yana son fili da kaya, ko da yake kafinta zai iya haɗa yawancinsu: gangare mai digiri 5 yana nufin a kowace mita ta katako a ɗaga kimanin santimita 9, mai digiri 10 kimanin santimita 17, dakali kuma akwati ne mai ƙarfi, wuri mai laushi katifar motsa jiki. Wanda rauninsa ke wuya, yatsunsa ba sa damƙa, in aka bi da shi jerin duka a makonnin farko zai ga sifili a jere, zuciyarsa ta karaya a banza. Sannan WST ya fi kula da "an yi ko ba a yi ba" fiye da wahalar da aka sha. Mutum biyu za su ci hawa gangare, ɗaya ya iso yana hira, ɗaya ya iso numfashi sama-sama.

Wannan giɓi shi Wheelchair Circuit na Holan ya cike. Kilkens da abokan aikinta suka wallafa shi a 2002, aka yi amfani da shi wajen bin masu raunin laka a cibiyoyin farfaɗowa takwas na ƙasar, daga kwanciya har bayan sallama. Tsarinsa da ya zauna abu takwas ne: zagaye alamomi biyu cikin siffar lamba 8, tsallake dokin ƙofa mai santimita 4, hawa dandamali mai santimita 10, tseren mita 15, hawa mai kashi 3 cikin 100 da mai kashi 6, tura keke na minti 3 ba tsayawa, da komawa daga keke zuwa gado. Sakamako uku yake bayarwa: abu nawa aka iya cikin takwas, daƙiƙa nawa zagayen da tseren suka ci, da yadda bugun zuciya ya tashi a kan hawa biyun nan. Tun farko don masu raunin laka aka yi shi, kuma yana kama ci gaban da ido ba ya gani, don wanda ya riga ya ci takwas cikin takwas lokacinsa na iya ci gaba da raguwa.

Cikas ɗinsa babba ne ga yawancin asibitocinmu. Hawa biyun da tafiyar minti ukun a kan injin tafiya mai bel ake yinsu, irin mai faɗin da keke zai hau, ga kuma na'urar auna bugun zuciya. Wannan inji ba irin na gidan motsa jiki ba ne, kuma yana son wutar da ba ta yankewa ana tsakiyar gwaji. Bugun zuciyar ma akwai inda yake yaudara. Jijiyoyin da ke hanzarta zuciya daga saman gadon baya suke fitowa, tsakanin T1 da T4 (T na nufin gaɓoɓin laka na saitin ƙirji, ana ƙirga su daga sama), don haka wanda lakarsa ta yanke a wuya zuciyarsa ba ta cika wuce 110 zuwa 130 a minti ba komai wahalar da yake sha. In ka karanta lambar a yadda take, sai ka ce bai gaji ba. Babu kuma ɗage gaba a ciki, babu tashi daga ƙasa.

A 2011 Rachel Cowan da abokan aikinta suka fitar da gyararren wannan gwaji mai abu 14, ana ce masa AMWC. Sun bar injin suka koma gangaren gaske da tafiyar minti 3 a ƙasa, suka ƙara tafiya a kan ciyawar roba, da buɗe ƙofa, da hanya mai karkata, da ɗage gaba a tsaye da a tafe. Duk wanda tsarin Holan ya burge shi amma ba shi da inji, wannan ne nasa.

Idan lokaci ne babbar matsalarku, ku dubi QEWS, wanda ma'aikatan gashi na sashen masu raunin laka a jihar Kwinslan ta Ostareliya suka tsara tare da Farfesa Lisa Harvey, aka wallafa a 2015. Abu biyar ne kacal, kowane daga 0 zuwa 5, jimla 25: zagayen cikin gini, hawa da sauka gangare, tsayuwa a kan tayoyin baya, hawa da sauka bakin titi, da nisan da aka tura cikin minti 6. Hikimarsa ita ce kowane abu matakai ne, don haka mai raunin wuya da ke fama da zagayen ɗaki yana da inda zai hau, mai raunin ƙugu da ke haye bakin titi shi ma yana da nasa. Ya haɗa dabara da juriya a takarda ɗaya, wanda WST bai yi sosai ba. Abin da ya bari a waje shi ne duk wani sauya wurin zama, da ƙofa, da naɗe keke. Wanda ya zaɓi QEWS dole ya riƙe layukan nan na SCIM a gefensa.

Akwai wasu biyu ƙanana da ba sa buƙatar komai sai baranda da tef ɗin awo da agogon waya. Na farko WPT, gwajin yadda ake tura keke, shi ma daga Dalhousie, an wallafa shi a 2013. Mutum ya tura mita 10 a shimfiɗaɗɗen wuri mai sumul, kai kuma kana ƙirga daƙiƙa da yawan turawa, kana kallon hannunsa. Daga nan za ka fitar da gudu, da yawan turawa a daƙiƙa, da nisan da kowace turawa ke kai shi. Kada a raina shi. Kafaɗa ita ce ƙafar mai keke, kuma ciwon kafaɗa na cikin abin da ya fi addabar waɗanda suka daɗe a kai. Jagorar kare hannu da kafaɗa da ƙungiyar tsofaffin sojojin Amurka masu shanyewar jiki ta ɗauki nauyin fitarwa a 2005 ta ce a riƙa doguwar turawa mai santsi, hannu ya kama zoben daga baya, ya raka shi har gaba, ya sake, ya dawo ta ƙarƙashin zoben. Wanda ke ɗan bugun zoben gajere-gajere zai cinye mita goman nan da turawa mai yawa, kuma a nan za ka kama shi tun kafin kafaɗar ta fara kuka. Gudun kuma kana iya auna shi da kimanin mita 1 a daƙiƙa, wanda masu bincike ke ɗauka a matsayin abin da ake buƙata don tsallaka titi lafiya.

Na biyu turawar minti 6, wadda Cowan ta wallafa a 2012. Alama biyu a tazarar mita 15, a yi ta zagayawa, a auna nisan da aka ci. Ƙarfin jiki da juriya take aunawa, ba ta gaya maka komai game da dabara. Ga mai son komawa makaranta ko shago da ke nesa da gida, lamba ce mai ma'ana.

Sai masu tambaya da baki. WST-Q tagwayen WST ne, abubuwan iri ɗaya, sai dai tambayar mutum ake yi: kana iyawa, kana da ƙwarin gwiwar yi, sau nawa kake yi, kana son a koya maka? Kamar minti 10 yake ci, ba igiya ba katako, ana iya yinsa ta waya. Wannan babban abu ne ga majinyacin da aka sallama daga asibitin ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano ya koma ƙauyen da zuwa ganin likita sai an yi shatar mota. An gwada shi da WST na zahiri, sakamakonsu na tafiya tare, sai dai mutane kan ɗan ƙara wa kansu maki. Amma yana kamo abin da gwajin ido ba zai taɓa kamowa ba, wato bambancin abin da mutum ya iya da abin da yake yi. Matashi ya ci sauka dakali a gabanka da igiya a bayansa, a gida kuma wata biyu bai fita ƙofa ba. In za ku yi tambayoyin da Hausa, ku zauna a sashe ku amince da lafazi ɗaya ku rubuta shi, don in kowa na fassarawa da ka, amsar Talata ba za ta kwatantu da ta Alhamis ba. Wanda ke son zurfafawa a kan tsoro da kunya akwai WheelCon na Paula Rushton da William Miller a Kanada, mai tambaya 65, wanda ya taɓo har shiga taro da neman taimako da yadda mutum ke ji in ana kallonsa. Yana da tsawo, na fi ganinsa a hannun mai bincike ko mai ba da shawara.

Gwajin TOWM na Fliess-Douer, mai abu 30 da ƙarin 8 na ɗage gaba, an gina shi bayan jin ra'ayin masu keken kansu, har da 'yan wasan nakasassu na duniya da aka yi a Beijin a 2008. Yana auna har kyawun yadda aka yi abu da fargabar mai yi. Ga ƙwararrun masu keke da aikin bincike ya fi dacewa.

To wanne za a ɗauka? Ya danganta da tambayar da ke gabanka. A ce magidanci ne da mota ta kife da shi, rauni a T12, hannuwa lafiya lau, likitan ƙashi ya ba da izinin zama da motsi, saura makonni a sallame shi. Wannan WST cikakke ya kamata a yi masa, sau ɗaya da zarar ya zauna daram a keke, sau ɗaya kafin sallama, don shi kusan komai na jerin zai iya koya, kuma duk abin da ba a koya masa yanzu ba da wuya ya sami mai koya masa a gida. A ce kuma yaro ne da ya faɗo daga bishiya ko ya yi nutso a ruwa mara zurfi, rauni a C6, wato gaɓa ta shida a wuya, yana ɗaga wuyan hannu amma ba ya miƙe gwiwar hannu da ƙarfi, yatsu ba damƙa. Shi WPT da zagayen cikin gini na QEWS za su nuna ci gabansa mako-mako, a ɗora masa layukan farko na WST, musamman juyawa da ɗage nauyi daga mazaunai ta hanyar sunkuyawa gaba ko gefe. A layin nan na ƙarshe ku tuna cewa ɗan ɗagawa na daƙiƙa kaɗan ya isa cin maki, amma fata na buƙatar kusan minti 2 kafin jini ya dawo mata sosai, gyambon zama kuma ba ya duba takardar gwaji. Wanda ya daɗe a gida ya zo da ciwon kafaɗa, WPT da kallon yadda yake komawa gado. Wanda ke nesa, WST-Q ta waya. Ɗalibin da ke rubuta kundin digiri yana son lambar da ke motsi da ƙaramin canji, AMWC ko turawar minti 6. Sashen da ke da ma'aikaci ɗaya tak da zai iya ware kwata ɗaya na awa, QEWS tare da SCIM. In kuwa aka ce in ɗauki guda ɗaya in bar saura, WST zan ɗauka, ko da kuwa sai an raba shi zama biyu.

Kowanne aka zaɓa, akwai abin da ke ɓata sakamako, kuma keken kansa ne kan gaba. Duk waɗannan gwaje-gwaje mutum da kekensa suke aunawa a haɗe. Keken asibiti mai nauyi, mai faɗin da ya fi ƙugun mai shi, wanda tayoyin bayansa ke can baya, yana sa ɗage gaba ya yi wuya, yana kuma tilasta gajeriyar turawa. Jagorar 2005 ɗin nan ta ce a matso da tayar baya gaba iyakar yadda mutum ba zai kife ba, kuma in hannu na saman zoben gwiwar hannu ta kasance tsakanin digiri 100 da 120. Mutum ɗaya zai faɗi a wancan keke ya ci a wannan. Don haka a gwada shi a keken da zai tafi da shi gida, a rubuta irin keken, a duba iskar taya kafin a fara, a rubuta ko ƙarafan hana kifewa na baya suna ɗaure. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2008 da ta 2023, ta sa koyar da mai keke da bibiyarsa cikin matakan ba da keke, daidai da zaɓe da daidaitawa. Keken da aka raba a taro aka ɗauki hoto ba tare da an auna mai shi ba, kashi ɗaya na aikin aka yi.

Jikin mutum a ranar ma yana da tasiri. A zubar da fitsari kafin a fara. Wanda rauninsa ke T6 ko sama, in ya ce kansa na sarawa, fuska ta yi ja, gumi ya keto, a tsaya nan take, a bar shi zaune a miƙe, a sassauta tufafi, a auna hawan jini, a duba robar fitsari ko ta toshe, don wannan hauhawar jini ce mai haɗari. Irin waɗannan majinyata jikinsu ba ya daidaita zafi, saboda haka a bazara turawar minti 6 da safe ya kamata a yi ta, a inuwa, kuma a maimaita ta a lokaci iri ɗaya. A tattare babbar riga ko hijabi kada taya ta naɗe su. Mace kuma za ta fi sakin jiki in mai tsaronta mace ce, domin a ɗage gaba da tashi daga ƙasa dole hannu ya kusanci jiki.

Abu na ƙarshe da ke raina shi ne tazarar da ke tsakanin filin gwaji da ƙofar gida. An tsara yawancin waɗannan ma'aunai a Kanada da Holan da Ostareliya da Amurka. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, amma lungu da zaure da kwatar ƙofar gida suna nan yadda suke. Katifar motsa jiki ba yashin unguwa ba ce. Tashi daga ƙasa, wanda a can ake ɗauka dabarar ranar da aka faɗi, a gidan da ake ci a tabarma, a yi hira a tabarma, a kwana a katifa a ƙasa, abu ne na kullum, kuma shi zai raba mai zama cikin iyalinsa da mai kallonsu daga sama. Shiga Adaidaita Sahu da naɗe keke a cusa shi ma ba ya cikin jerin kowa.

Kada wannan ya sa a taɓa ma'aunin. Da zarar ka mai da dakalin santimita 15 ya koma 20, ko ka sa yashi a gurbin katifa, makin ya daina kwatantuwa da na kowa. A yi gwajin yadda aka rubuta shi, sannan a buɗe shafi na biyu na gida. A roƙi ɗan'uwan da ke jinya ya auno tsayin dokin ƙofar zaure da na ɗaki, da faɗin ƙofar banɗaki, da faɗin kwata, ya ɗauko hoton hanyar masallaci ko makaranta a waya. A haɗa kwatankwacinsu a harabar asibiti da bulo da katako da buhun yashi, a gwada, a rubuta "shi kaɗai", "da taimakon mutum ɗaya" ko "bai iya ba tukuna". Mai jinyar shi ma a gwada shi a wannan shafi: ya iya taka ƙarfen baya ya ɗage gaban keke, ya iya saukar da shi dakali da baya-baya, ya iya riƙe igiyar tsaro? WST ya yarda a auna mai keke da mai taimakonsa tare, kuma a yawancin gidaje wannan ƙane ko matar ko ɗan su ne za su ci gaba da darasin bayan sallama.